Wuƙar Ƙarshe Ta Cindo Maƙeri

Da sunan Wanda ya ɓoye ƙarfe a cikin dutse, ya ɓoye wuta a cikin itace, ya ba ɗan Adam hannu ya haɗa su. Ni ce Tasalla, matar marigayi Cindo Maƙeri, ta garin Tamaduwa da ke gindin Jan Tsauni, inda hayaƙin maƙera ke riga na madafa tashi. Duk wanda ya san ni ya san ba na ƙari a labari, kamar yadda ba na ragi a ciniki. Ku gyara zama.

A garinmu wuƙar farauta aikin mutum biyu ce. Miji ya ƙera ruwan wuƙa, mata ta sa ƙota. Ba ma kuwa yin ƙota ta kowa da kowa irin ta bakin kasuwa. In maharbi ya zo, maƙeri zai miƙa masa curin ɗanyen yumɓu ya damƙe, kamar yadda zai damƙi wuƙa a daji. Yumɓun ya ɗauki siffar cikin hannunsa, a karce alamarsa a gefe, a shanya ya bushe. Ni kuma in duba gurbin yatsun nan, in auna da zare, in sassaƙa itace ya fito daidai. Doka ɗaya ce a kanmu mata. Mai ƙota ba ta sa hannunta a yumɓun wani, ba ta kuma riƙe ƙotar da ta gama sai da tsumma, don in hannunki ya ɗanɗana, kanki za ki riƙa sassaƙa wa ba ki sani ba. Damƙar fari ta mai wuƙa ce.

Haka muka zauna da Cindo, yana duka ina sassaƙa, har furfura ta kama mu. Mutum ne mai sanyin hali, ciniki kuwa ko kaɗan bai iya ba. Da an yaba masa aiki sai ya fara murmushi, da ya fara murmushi kuwa an cuce mu. Shi ya sa ni ke tsayawa a bakin maƙera. Maharba su zo su yi ta labarin ƙasashen da suka taka, in juya in ce masa, "Maigida, ka ji. Ƙotata ta je bakin duniya, ni ban taɓa wuce rafin wanki ba."

Ya ce, "To ki je mana."

In ce, "In bar maka ciniki? Kafin in dawo ka ba da uwar maƙera a kan goro."

Da Allah ya karɓi abinsa, na fita takaba, na shiga maƙera shara. A bayan zugazugi na tarar da ƙunshin fata. Ciki ruwan wuƙa ne da ban taɓa ganin ya ƙera irinsa ba, siriri, ya ɗan lanƙwasa kamar jinjirin wata, in ka ɗan buga shi da farce sai ya yi ta amo. Kusa da shi ga curin yumɓu busasshe, ba alamar kowa a jikinsa.

Na tara maharban gari, kowa ya sa hannu, ba wanda ya dace. Hannun ƙarami ne, amma damƙar sai wanda ya gani, yumɓun har ya tsattsago ta tsakanin yatsu. Na ce, "Wannan hannun marowaci ne. Abin da ya shiga nan ba ya fita."

Korau, ƙanen Cindo, shi ne Sarkin Maƙera. Tun ina amarya muke tsokanar juna. Ya zo ya tsuguna ya juya wuƙar a hannunsa.

Ya ce, "Matar yaya, kin san al'ada. Wuƙar mamaci da ba a san mai ita ba, ranar da ruwan fari ya sauka wuta take komawa. A buge ta a yi fartanya."

Na ce, "Fartanya. Aikin yayanka na ƙarshe."

"Ba ni na kafa ba, tarar da ita na yi."

"Kai da ko allura ka ƙera sai ta fito da doro."

"Duk da haka masaba a hannuna take. In kina so ta tsira, nemo mai hannun."

Na miƙe na shiga ɗaki. Na ɗaure gizago da magagari da awartaki da zare, na naɗe yumɓun cikin auduga, na ɗora wa jakina. Sunan jakin Albarka. Cindo ne ya raɗa masa, wai don ita ce kalmar da masu taya kaya suka fi ji a bakina. Na tsallake rafin wanki kaina a ɗage kamar na saba, don mata masu wanki na kallo.

Na yi gabas har na isa Dajin Ƙaura, inda itatuwa ke tafiya. Da hantsi sai ka ji ƙasa na girgiza, su ciro saiwoyinsu su gangara kogi shan ruwa, da la'asar su dawo kowace ta koma raminta. Ba mai shiga da gatari, wanda ya gwada tattake shi suke yi. Ni kuwa itacen ƙota nake so, zuciyar ƙirya, ja mai duhu wadda gara ba ta ci. Na hau wani dutse na zauna ina kallon wucewarsu. Can baya ga wata tsohuwar ƙirya tana ɗingishi. Na duba da kyau, ashe guntun bakin gatari ne ya karye a gindinta, ɓawo ya rufe rabinsa.

Na ce, "Sannu, Iya. Wannan ƙarfen ya daɗe."

Ta tsaya. Muryarta kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba. Ta ce, "Tun kakarki ba ta yi haƙori ba. Kina iya cirewa?"

"Ina iyawa. Me za ki ba ni?"

"Inuwa."

"Albarka."

Jakin ya ɗago kai ya dube ni, na ce ba da kai nake ba.

Ta ce, "To reshen nan na sama."

"Ɗanye ne, zai tsage kafin kaka. Wancan nake so, busasshen da ke ƙarƙashin hammatarki."

"Wannan mujiya ke zama a kansa."

Na tattara kayana na ja jakina na kama hanya. Ban waiwaya ba, ban taɓa waiwaya a ciniki ba. Ban yi nisa ba na ji gurgun taku a bayana, ƙasa na amsawa. Tsohuwa ce ke bina. Na kama ƙarfen da awartaki na yi ta jijjigawa har ya fito, na cike ramin da laka. Ta girgiza jiki, reshen ya faɗo. Na ce gyara fa? Ta yi tsaki irin na itace, ta zubo 'ya'yanta jakina ya ci ya ƙoshi. Na nuna mata yumɓun. Ta ce ba ta san hannun ba, amma in je Rataya, can ne maharba suka fi yawa.

Rataya gari ne da aka rataye a jikin tsauni. Ɗakunansu na lilo da igiyoyi kamar sheƙar tsuntsu, ba a hawa sai da tsanin igiya. Farautarsu tsuntsaye ce, kowane ya kai girman rumbu. Akwai wani danƙo da ke tsattsafowa daga dutsensu, shi suke shafawa kaɗan a tafin ƙafa su yi tafiya a jikin tsauni kamar ƙadangaru. Da na taɓa shi na san na sami abin da zai riƙe wuƙa a cikin ƙota har tashin duniya. Na ɗaure jaki a ƙasa na hau, idona a rufe, bakina na salati.

Sarkin Bakansu, Dogara, ƙato ne mai gemu har ciki. Da na buɗe ƙunshin ya ga wuƙar, sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Maharba suka yi layi, kowa ya sa hannu a yumɓu, ba wanda ya dace. Shi ya zo a ƙarshe, hannunsa a bayansa. Na lura ruwa na ɗiga daga gefen rigarsa. Na janye yumɓun.

Na ce, "Ranka ya daɗe, azahar ba ta yi ba. Wannan jiƙa hannun na mene ne?"

So yake ya tausasa yumɓun ya danna nasa yatsun. Mutanensa suka sunkuyar da kai. Kunya ta koma masa fushi, ya sa aka naɗe tsani.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba ki sauka sai kin yi wa wuƙar nan ƙota daidai hannuna."

Na dubi gabas, ba hadari tukuna, amma iska ta fara sauya. Na ce, "To, tunda haka ka ce. Sai dai wuƙar sarki ba a ɗaukar damƙarta shi kaɗai. Dole manyan maharbanka su kama tare da kai, wuƙar ta san su, kada wata rana ta yanke su."

Wannan al'adar a nan take na ƙera ta, amma ta yi masa daɗi. Na kwaɓa yumɓu da danƙon dutsensu, na barbaɗa toka. Su shafawa kawai suka sani, ba su san abin da toka ke yi wa danƙo ba, duk mai sa ƙota kuwa ta sani. Na lulluɓe wata doguwar azara da kwaɓin, na ce kowa ya kama da hannu biyu, kada ya saki sai inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa. Suka kama, suna ta hura hanci. Da inuwa ta dawo, suka ja, azara ta ce ba ta san zancen ba.

Na bar su suna zagaya fili da azara kamar shanun huɗa, na tafi wurin matar Dogara, wata dattijuwa mai suna Hakama. Na same ta ta dafe ciki, hawayen dariya na zuba.

Ta ce, "'Yar uwa, me ke sakinsa?"

Na ce, "Akwai magani. A sauke tsani, a cika mini gora da danƙo, a ba ni fatar ƙafar tsuntsun nan in yi kube."

"Kin samu. Amma ki faɗa mini a kunne. Sai la'asar zan sake shi, ina so in share ɗaki yau ba mai nuna mini inda na bari."

Na raɗa mata cewa man kaɗe ne mai ɗumi. Ta raka ni har bakin tsani, ta ƙara mini da kilishi ban ma nemi gyara ba.

Daga nan na yi ta tafiya. Na ga ƙasar da ake farauta da kwalekwale a kan ciyawa, don ciyawarsu ta fi kogi zurfi. Na ga garin gajeru, na yi murna na ce ga masu ƙananan hannu, amma damƙarsu sakwa-sakwa, mutanen kirki ne masu kyauta, ba marowaci ko ɗaya. Na ga kasuwar da ake sayar da iskar damina a tulu. Na taya, mai tulun ta ce mini albarka, ranar na ji yadda kalmar take da zafi. Duk inda na sauka sai in kama kaina ina cewa, bari in koma in ba Maigida labari. Sai in tuna. Sai in ja jakina mu ci gaba.

Har hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai hannu bai samu ba. Na zauna a gindin wata kuka na ce, to, ko wuta za ta koma, wuƙar Cindo ba za ta shiga gari tsirara ba.

Na fere reshen ƙirya da gizago har jar zuciyar ta fito. Na ajiye yumɓun a gabana, ina aunawa da zare ina bi da magagari, gurbi bayan gurbi, ina yi ina zagin mai hannun. Na ce kai ko wane ne, ka wahalar da tsohuwa, kuma na san ko ka zo sai mun yi faɗa a kan lada. A gindin yumɓun akwai wani gurbi dabam, na babban yatsa mai tabo a tsakiya. Wannan na san shi, yatsan Cindo ne da masaba ta taɓa fasawa, wurin da ya kama ya karɓi yumɓun daga hannun mai shi. Da wani ne da na share. Na sassaƙa shi yadda yake.

Na hura wuta na gasa wutsiyar wuƙar, wato siririn ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, na cusa a itacen a hankali yana hayaƙi yana buɗa wa kansa hanya. Na zare, na ɗura danƙo da toka, na mayar. Saura zoben da ke ɗaure bakin ƙota kada ta tsage, ga shi ba ni da jan ƙarfe. Na dubi awarwaron da ke hannuna, wanda Cindo ya ƙera mini shekarar da muka yi aure. Na daɗe ina dubansa. Sannan na cire, na yanka, na lanƙwasa, na buga ya zauna. Na shafe ƙotar da man kaɗe, duk da tsumma a hannuna, na sa a kube, na juya gida.

Hanyar da ta fi kusa ta ratsa wata fadama ce. An gargaɗe ni cewa ciyawarta igiya ce mai rai, amma iska ta riga ta fara ƙanshin ruwa, na ce ba zan zagaya ba. Muna tsakiya ciyawa ta naɗe ƙafafun Albarka ta fara jansa cikin taɓo. Ya yi kuka, ya nutse har ciki. Gizago na ƙarƙashin kaya. Ban yi tunanin doka ba, ban nemi tsumma ba, na fizgo wuƙar daga kube na hau sara. Ciyawa na naɗowa ina yankewa, wuƙar na tafiya kamar ta san hanya, har na ja jakin muka fito tudu.

Na tsaya ina haki. Sai na dubi hannuna. Kowane yatsa ya kwanta a gurbinsa, ba rata, ba matsi. Na saki, na sake kamawa. Haka dai.

Nan na tuna wata rana, bara waccan. Cindo na gyaran bakin zugazugi da yumɓu, wani falke ya zo ya yi wa wuƙarmu tayin raini. Ina tsaka da wanke shi, Cindo ya miƙo mini curi ya ce, "Riƙe mini wannan." Na riƙe ban ko duba ba, na ci gaba da falke. Da falke ya tafi, sai da Cindo ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya kafin ya karɓi abinsa, yana dariya. Na ce mene ne abin dariya, ya ce babu.

Na zauna a kan tudun nan, taɓo har gwiwa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Da na gama na ce, "Cindo, ashe ka iya ciniki. Duk zamanmu kana ɓoyewa." Na share ido, na ce wa Albarka ya ɗaga ƙafa.

Muna tsallake rafin wanki yayyafi ya fara. Na tarar Korau ya hura wuta, dattawan maƙera sun zauna a rumfa.

Ya ce, "Matar yaya, sannu da hanya. Kin yi baƙi. Ina mai hannun?"

Na sauke wa jaki kaya. Na kwance audugar, na ajiye yumɓun a kan uwar maƙera, na sa hannuna a gaban kowa. Dattawa suka matso suka duba ta sama, suka duba ta ƙasa. Babbansu ya ce, "Wuƙa ta sami mai ita. A kashe wuta."

Korau ya juya baya wai yana gyara gawayi, amma na ga kafaɗarsa na rawa.

Na ce, "Ƙanen miji, juyo. Ka sani."

Ya juyo, yana dariya idonsa ya yi ja. Ya ce, "Alkawari yayana ya sa na ɗauka. Ya ce in aka ce Tasalla ta je ta ga duniya, ba za ta je ba. In aka miƙa mata wuƙa kyauta, za ta yi faɗa an ɓata ƙarfe. Amma a ce mata kaya zai salwanta, har inda ƙasa ta ƙare za ta je."

"Da ban gane ba fa? Ka buge ta fartanya?"

"Na tambaye shi. Ya ce in kin dawo ba ki gane ba, in miƙa miki wuƙar ki riƙe, sannan in yi mata tayin raini."

Dattawa suka yi dariya har da masu tari. Ni ma ban iya riƙewa ba.

Da aka natsa Korau ya ce, "To yanzu kin zama mai wuƙa, kin san abin da ke kanki. Cinyar naman farko ta maƙera ce."

Na ce, "Albarka. Ƙafar gaba."

"Matar yaya, al'ada ce."

"Ƙafar gaba, kuma kai za ka feɗe."

Ya sallama. Da rani ya zagayo na tafi da maharba, na kawo gada, na ba shi cinya biyu, na ce kada ya saba.

Yanzu kowace shekara in an gama girbi nakan ɗaura wa Albarka kaya. Hakama na jirana a Rataya, tsohuwar ƙirya kuma ta daina ɗingishi, har rige-rigen kogi take yi da yara. Wuƙar na ɗamarata. In na hau wani tudu na hango ƙasar da ban taɓa gani ba, nakan zaro ta in riƙe, in sa ɗan yatsana a gurbin nan mai tabo da ke gindin ƙota, in ce, "Maigida, ka gani."

Nan labarina ya tsaya. Wanda ya ji daɗinsa ya yi wa Cindo addu'a, wanda kuma ke son wuƙar kada ma ya taya.